Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastoci da dattawan ikilisiyoyin Hausa a Legas: ina rabon talaka a baikonmu?

Zuwa ga iyayenmu fastoci, dattawa, dikinoni da shugabannin Zumuntar Mata na duk ikilisiyoyin da ake sujada da Hausa a nan Legas, ko ECWA ce ko COCIN, EYN, LCCN, HEKAN, Baptis, Katolika da sauransu, tun daga Agege har Ojo, daga Obalende har Ajah da Ikorodu.

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanku da hidima, yaya iyali, yaya jama'a. Ni ba fasto ba ne, ban taɓa shiga makarantar Baibul ba, ɗan ikilisiya ne kawai mai zama a bencin tsakiya, kuma na san a tarbiyyarmu yaro ba ya tsayawa gaban manya ya ce ga yadda za a yi, dan Allah ku gafarce ni. Na rubuta a fili ne saboda maganar ba ta coci ɗaya ba ce, duk inda na je sujada kusan abu ɗaya nake gani, kuma in an tada ta a mitin sai ka ji an ce lokaci ya ƙure a bar ta sai zama na gaba, zama na gaban kuma maganar rufin gini ce za ta cinye shi. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Tambayata ɗaya ce. A cikin kuɗin da ke shigowa ikilisiya, baikon Lahadi da zakka da godiya da bikin girbi da lancin (taron neman gudummawa), nawa ne rabon talaka? Ba ragowar da ta saura bayan an sayi dizil an biya komai nake nufi ba, rabon da aka yanka mishi tun farkon shekara aka rubuta a bajet, wanda ko fasto ba shi da ikon taɓawa don wani aikin. In akwai cocin da ke da irin wannan toh Allah ya sa albarka, ku fito ku koya wa sauran. Amma mafi yawanci abin da muke da shi wani ɗan kwando ne da ake zagawa da shi ranar Jibin Ubangiji, bayan an riga an karɓi baiko biyu ko uku aljihu ya bushe, shi ne wai asusun taimako.

Ku da kanku kun san su waye ke cika bencinmu. E, akwai sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan kwastan da na banki, akwai masu hali, Allah ya ƙara musu. Amma yawancinmu masu gadi ne, 'yan okada, leburori a wurin gini, masu tura baro, direbobi, masu wanki da guga, mata masu shara da raino a gidajen Lekki da Ikoyi. Kuma da yawa ba son yawo ne ya kawo su ba. Tun 2014 da aka sace 'yan matan Chibok 276, aka ci Gwoza da Madagali da Michika har Mubi, hedikwatar EYN da ke Kwarhi ma sai da aka gudu aka bar ta, mutanenmu suka yi ta kwararowa nan. Bayansu ga na Kudancin Kaduna, ga na Mangu, ga na Bokkos da aka kai wa hari a jajiberen Kirsimetin 2023. Magidancin da ke da gona da rumbu da awaki a gida, yau a kan benci yake kwana a ɗakin gadi, matar tana wani sansani ko gidan dangi a Yola ko Jos tana jiran ya turo wani abu ƙarshen wata.

Sana'ar da ta fi saurin karɓar baƙo a garin nan okada ce, ba ta neman takardar makaranta, ba ta neman Yarbanci mai yawa. Toh a Fabrairun 2020 gwamnati ta hana ta a wasu yankuna, ranar 1 ga Yunin 2022 ta sake ɗaure dokar a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, da Satumba ta zo aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Mashin ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi, duk mun gani a talabijin. Ba gardama da gwamnati na zo yi a nan ba, suna da dalilansu na haɗari da tsaro. Abin da nake tambaya, a cikinmu wa ya zauna da biro da takarda ya ƙirga 'yan ikilisiyarsa nawa ne suka rasa abin yi a watannin nan? Da yawa daga mashinan na bashi ne, ana biya sati-sati, mashin ya tafi bashin yana nan. Wasu sun koma Ogun, wasu sun koma gida wurin da suka gudo, wasu suna nan suna wasan ɓuya da 'yan tasfos masu kama mashin. Mu dai abin da muka lura da shi shi ne matasa sun ragu a kwaya.

Sai kuma 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai. Litar da ba ta kai N200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura N1,000, a tsakiyar shekarar tsadar abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Hukumar nan dai tun 2022, kafin duk wannan, ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban a Najeriya. A 2024 an ce mafi ƙarancin albashi ya koma N70,000, Legas ta ce nata N85,000, amma mai gadin gidan wani Alhaji ko wani Cif a labarai kawai yake jin wannan. Ga haya, mai gida na son shekara guda a dunƙule, ga kuɗin ejan ga na agrimen. Akwai 'yan'uwa da suka rage zuwa sujada ba don sun ja da baya ba ne, kuɗin danfo na mutum biyar zuwa da dawowa ne babu, in ma sun zo kunyar a zaga da kwando su sunkuyar da kai ce ke damunsu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci min rai. Mu mutane ne da muke da kuɗin kai gawa gida amma ba mu da kuɗin asibiti.

Na ga wannan da idona. Wani saurayi mai gadi, yana buga ganga a wata ikilisiya, ciwon ciki ya kama shi. Ya yi ta shan maganin kemis da jiƙo har abin ya ci ƙarfinsa, abokan zamansa suka kai shi wani asibiti aka ce aiki za a yi, a ajiye kuɗi tukuna. Aka sa a guruf ɗin WhatsApp na coci harda hotonsa a kwance. Abin da ya biyo baya hannayen addu'a ne, Allah ya ba da lafiya, Allah ya taɓa shi, amin amin har ƙasa. Aka je wurin ma'aji ya ce sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuma sai bayan sujadar Lahadi, ranar kuwa Talata ce. Bai kai Lahadin ba. Toh ku zo ku ga ikon Allah, guruf ɗin nan da ya yi shiru sai ga alat na shigowa kaman ruwan sama, ƙungiyar ƙabilarsu ta yanka wa kowa nasa, matasa suka kawo, mata suka kawo, kafin a ce me an haɗa kuɗin mutuware da akwati da motar da za ta kai shi gida da na masu rakiya, har aka buga riguna da hotonsa. Abin da aka tara ya fi abin da asibitin ya nema tun farko. Uwarsa ta karɓi akwati mai kyau.

Ban ce kai gawa gida laifi ba ne, mutunci ne, kowa na son a binne shi kusa da iyayensa. Amma ku duba tsarin. Mutuwa tana da doka a wurinmu, kowa ya san nawa zai bayar, an san mai karɓa, wanda bai bayar ba ya san ranar tasa za a tuna mishi. Ciwo kuwa ba shi da doka, sai wanda Allah ya taɓa zuciyarsa. Ashe ba rashin kuɗi ne matsalarmu ba, ba kuma rashin iya tsari ba.

Iyayena, ku kuka koya mana Littafi, ba ni zan koya muku ba, tuni kawai nake yi. Babu Lahadin da za a yi maganar zakka ba a karanta Malakai 3:10 ba, ku kawo dukan zakka cikin ma'aji, yaran Sande Sukul ma sun haddace ta. Amma aya 5 ta wannan surar fa, inda Ubangiji ya ce zai zo ya yi shaida a kan masu danne hakkin ɗan ƙodago da masu zaluntar gwauruwa da maraya da masu ture baƙo? Ayoyi biyar ne kacal tsakaninsu, a shafi ɗaya suke, amma ɗayar ba a cika jin ta a bagadi ba. Kuma in zakkar Tsohon Alkawari muke bi toh mu bi ta har ƙarshe, domin Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta ce kowace shekara ta uku zakkar a cikin gari za a tara ta, Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. Littafin Firistoci 19 ya hana mai gona girbe gefen gonarsa da komawa ya yi kala, ya ce na matalauci ne da baƙo. Mu 'ya'yan manoma ne, mun san kala, mun san matan da ke bin bayan masu girbi. A Shari'a wannan ba alherin mai gona ba ne, hakkin talaka ne da Allah ya sa a cikin gonar wani, da shi Rut ta ciyar da surukarta. Shi ya sa nake cewa rabo ban ce kyauta ba.

A Sabon Alkawari ma, kwamitin farko da ikilisiya ta kafa ba na gini ba ne. Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ne ya tashi saboda ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci a rabon abinci na kowace rana. Ku lura, kowace rana, ba ƙarshen shekara ba. Manzanni ba su ce masu ƙorafin 'yan tawaye ne ba, suka ce a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida a danƙa musu aikin, Istifanas da Filibus suna cikinsu. Wannan labarin kaman don mu aka rubuta shi, domin a coci ɗaya za ka samu Bura, Margi, Kibaku, Tangale, Bajju, Berom, Ngas, Zaar, Bachama, Hausa ce kawai ta haɗa mu, kuma kowa ya san in taimako ya zo wanda ƙabilarsa ke da mutum a kwamiti shi ake fara tunawa. Wanda ya fito daga ƙaramar ƙabila, ko Bahaushe ɗan Kano ko Katsina da ya karɓi Almasihu dangi suka juya mishi baya, shi wa zai tuna da shi? Shi ko ƙungiyar kai gawar ma ba shi da ita.

Bulus ya ce da manzannin Urushalima suka ba shi hannun zumunci abu ɗaya suka roƙa, a riƙa tunawa da matalauta, Galatiyawa 2:10. Yakubu ya ce in ɗan'uwa ba shi da tufa ba shi da abinci ka ce mishi ya sauka lafiya ya ji ɗumi ya ƙoshi ba ka ba shi komai ba, me ka yi? Matiyu 25 kuwa ba ta buƙatar fassara, yunwa, ƙishi, baƙunci, tsiraici, ciwo, kurkuku. Na ƙarshen nan ma, yaranmu nawa ke gidajen yarin Kirikiri da Ikoyi a jiran shari'a saboda an kwashe su a samame kuma babu mai tsaya musu, alhali akwai lauyoyi a cikinmu?

Sai maganar lancin. Yakubu sura 2 ta yi kashedi kan ba mai zoben zinariya kujerar gaba a ce wa matalauci ya tsaya can. Mu kuma sai a ɗauko mai magana da yawun taro ya riƙe makirfo, a fara kira daga N500,000, wanda ya tashi a buga mishi ganga a kira sunansa da na garinsu, a sauko 200, a sauko 100, ana ta tafi, kafin a iso N1,000 an gaji an ce saura duk su taso gaba ɗaya su jefa a kwano. Mai gadin da ya kawo N1,000 daga albashin da bai kai na gwamnati rabi ba, a lissafin da Yesu ya yi wa gwauruwa mai anini biyu shi ne babban mai bayarwa a wurin, amma shi aka koya wa cewa ba kowa ba ne. Ban ƙi gini ba, na san wahalar fili a Legas, na san akwai ikilisiyoyinmu da har yau a ajin makaranta ko rumfar kwano suke sujada ana korarsu daga nan zuwa can. Amma wanda ya riga ya yi rufi, tayil da sabon kibod da manyan sifiku za su iya jira.

Wata maganar kuma ta cikin gidajenmu ce, kuma ita ce ba a so a taɓa. 'Yan matan da muke ɗaukowa daga ƙauye. A je gida Kirsimeti a ce wa uwar yarinya a ba ni ita zan sa ta makaranta a Legas, uwar ta yi ta godiya don baki ɗaya ya ragu. Ku duba bayan coci ranar Lahadi za ku gan su, yarinya 'yar shekara 11 ko 12 goye da jaririn madam tana jijjiga shi a rana, 'ya'yan gidan suna ciki da takalma masu kyalli ita da silifas, ita ce ta farko a tashi ita ce ta ƙarshe a kwanciya, makarantar kuwa ana nan ana shiri. Madam ɗin tana iya zama shugaba a Zumunta, maigidan dattijo ne. Ƙasar nan tana da dokar kare hakkin yara tun 2003, Legas ta yi tata a 2007, amma mu ai ba sai mun jira doka ba. Haka mai gadinka da direbanka da mai maka wanki, Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ce a biya ɗan ƙodago kafin rana ta faɗi domin a kan kuɗin ya sa ransa, Yakubu 5:4 ta ce ladan da aka danne yana kuka. Mutumin da ke riƙe albashin mai gadinsa wata biyu sannan ya zo ya yi alkawarin buhun siminti 50 a gaban jama'a, Baba Fasto ka kira shi gefe ka ce ya je ya biya tukuna. Ita ma ikilisiyar ta duba nata, nawa take biyan mai shara da mai gadin coci, nawa take ba mai bishara da ke riƙe da ƙaramin reshe a bayan gari?

Na san za a ce ai muna rabon shinkafa duk Disamba. Ana yi, Allah ya saka. Amma a jera gwauraye a gaban coci kowacce riƙe da leda a ɗauki hoto a sa a Facebook, wannan ina ya haɗu da Matiyu 6 da ta ce kada hagunka ta san abin da damarka ke yi? Akwai matan da yunwa ke cinsu amma sun gwammace su haƙura da a nuna su haka, musamman matar soja ko ɗan sanda da jiya-jiya ita ke bayarwa, miji ya rasu, zaman bariki ya ƙare, hakkinsa bai fito ba. Kuma rabon taron jama'a yanzu haɗari ne. A Fabrairun 2024 an rasa rayuka a Yaba wurin turmutsutsun sayen shinkafa mai rahusa. A Disambar shekarar yara 35 suka mutu a Ibadan, kwana kaɗan bayan haka mutum 10 a wata majami'ar Katolika a Maitama Abuja, 22 a Okija ta jihar Anambra, duk wurin karɓar abinci. Masu rabon da niyyar alheri suka fito, yunwar ce ta fi ƙarfin tsarinsu. Wanda ya san mutanensa gida-gida ba ya buƙatar tara su a fili.

Abin da ke ba ni mamaki, mu ne fa muka fi kowa sanin amfanin wannan aikin. A nan Legas ɗin Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Disambar 1893, biyun farko a 1894 ciwo ya kashe su, daga wannan tafiyar aka samu ƙungiyar mishan ta SIM, daga ita ECWA. Wanda ya fara aiki a Numan a 1913, Niels Bronnum, likita ne. Asibitin Vom tun 1922 yake. A Garkida an fara sujada a gindin tsamiya a 1923, ba a daɗe ba aka buɗe wurin jinyar kutare, mutanen da danginsu ma ke gudu. Asibitin ido na Kano 1943. Makarantun Gindiri su suka fitar da 'ya'yan talakawa suka zama malamai da likitoci. Turawan mishan suna da nasu kurakuran, ba waliyyai ba ne, amma kakanninmu da yawa ta wurin wanke gyambo da koyon karatu suka fara jin bishara. Yau jikokinsu mun gina makarantu da sunan coci wanda ɗan mai sharar cocin ba zai iya shiga ba.

Akwai amsoshin da na saba ji. Wai Yesu ya ce kullum kuna tare da matalauta. Ya faɗa, amma ku ƙarasa ayar a Markus 14:7, ya ce duk lokacin da kuka so kwa iya yi musu alheri, kuma maganar daga Maimaitawar Shari'a 15:11 ta fito inda aka ce saboda haka ka buɗe hannunka. Wai wanda ba ya aiki kada ya ci. Wanda ya ƙi aiki Bulus ya ce, mai tura baro daga asuba zuwa dare a Mile 12 ba aiki ya ƙi ba. Wai akwai 'yan damfara masu yawo coci-coci da takardar asibitin ƙarya. Akwai su kam, Legas ce, amma maganinsu bincike ne, 1 Timoti 5 ma ta nuna ikilisiyar farko tana da rajistar gwauraye da sharuɗɗanta. Wai coci ba gwamnati ba ce. Gaskiya ne, ba mu ce ku ciyar da Legas ba, mutum 200 ko 300 da kuka san sunayensu muke magana. Na kuma san fastoci da yawa ku ma hannu baka hannu ƙwarya kuke, ga kason da ake turawa sama, ga mai buga ƙofa tsakar dare kuna cirewa daga aljihunku ba wanda ya sani. Ai shi ya sa nake cewa a yi tsari, nauyin ya sauka daga wuyan mutum ɗaya.

Ga roƙona. A yanka kaso tsayayye daga duk abin da ya shigo, ni da za a bi tawa kashi 10 cikin 100, harda kuɗin lancin, a sa a asusu dabam. Masu sa hannu su zama uku, dole a samu mace daga Zumunta domin su suka san tukunyar da ba a ɗora ba, dole kuma a samu ɗaya daga cikin masu ƙaramin ƙarfin, mai gadi ko ɗan okada, ba manya zalla ba. A ba su ikon fitar da kuɗin gaggawa cikin awa 24 ba sai kwamiti ya zauna ba. Duk wata uku a karanta wa jama'a nawa ya shiga nawa ya fita da irin abin da aka yi, ban da suna, ban da hoto. In mutane sun ga inda kuɗin ke zuwa za su ƙara, rashin yarda ne ke sa wasu riƙe hannu.

Dokar nan da muka yi wa mutuwa a yi wa ciwo irinta. Jihar Legas tana da inshorar lafiya da ake kira Ilera Eko, a sa matasa biyu masu ilimi su je su binciko sharuɗɗanta da kuɗinta da asibitocin da ke karɓa, a fara da gwauraye da tsofaffi da masu ciki, a taimaka musu da rajistar mazauna Legas ta LASRRA da lambar ɗan ƙasa ta NIN in ana nema. Ƙungiyoyin ƙabilu ma dan Allah ku raba kuɗinku biyu, rabi na mai rai. Wanda ya rasa mashin a haɗa shi da ɗan'uwa mai walda ko gyaran waya ko tela ko aikin famfo, muna da su a benci ɗaya ba su san juna ba, a kuma duba ko bashin LSETF, asusun samar da aikin yi na jihar Legas, zai yiwu wa masu ƙaramar sana'a. Kowace ikilisiya ta rubuta sunan duk yarinyar da aka kawo daga gida da makarantar da take zuwa, Mama Fasto ta riƙa bi tana dubawa da kanta.

Sai masauki. A nan kam mu koya daga maƙwabtanmu Musulmi, baƙo ya sauka Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 ya san in ya nemi masallaci ko gidan Sarkin Hausawa ba zai rasa inda zai sa haƙarƙarinsa ba, na san yaranmu Kirista da 'yan kasuwa Musulmi suka ba wurin kwana da jarin farko ba su tambayi addininsu ba. Namu majami'un kuwa daga Litinin zuwa Asabar a kulle da kwaɗo. Ko ɗaki ɗaya ne ikilisiyoyin unguwa ɗaya su haɗa kai su kama, ba sai kowace ɗarika ta yi nata ba. Kuma in asusun ya yi ƙarfi kada ya tsaya a kanmu, Galatiyawa 6:10 cewa ta yi a yi wa kowa alheri, namu dai su ne na farko. Naƙasassun da ke Oko-Baba a Ebute Metta Hausa suke ji kaman mu, ba sai an nemi tafinta ba.

Lokacin tsara bajet na shekara mai zuwa yana tafe. Ina roƙon a sa wannan maganar a farkon ajanda kafin ta gini, kuma a bar membobi su yi magana a kai, harda na bencin baya. Duk ikilisiyar da ta riga ta fara, ta rubuto yadda take yi a guruf ɗin fastoci domin saura su ɗauka.

Ku huta lafiya, a gaida su Mama da yara.

Naku cikin Almasihu,
wani ɗan ikilisiya daga Agege